Ranar da Kakata Ta Yi Ƙarya a Fassara

Masu karatu, kafin ku yi mini dariya ku bari in faɗa muku yadda abin ya faro, don ni kaina ban gama gane yadda aka yi na tsinci kaina a wannan hali ba.

Sunana Leora. Ina shekara ta uku a jami'a, kuma har yau a gidanmu nake zaune a unguwar Queens, ni da iyayena da kakata ta wajen uwa, wadda kowa a layinmu yake kira Bubbe, har mai kawo wasiƙu. Wata safiya ina saukowa daga bene da takalmi a hannu na ji mahaifiyata, Ima, tana waya da ƙawarta ta majami'armu ta Yahudawa.

"Likitan haƙori ne, saura masa shekara ɗaya ya gama. Dogo ne. Ba ya shan taba. To me kuma yarinya take nema?"

Yarinya tana neman a ƙyale ta ne, amma ba wanda ya tambaye ta.

Sunan dogon Asher Lipkin. Kafin in kai tashar jirgin ƙasa saƙonsa ya shigo.

"Barka da safiya, Leora. Asher ne. Mahaifiyarki ta ba mahaifiyata lambarki, ita kuma ta ba ni. Ina fatan ba damuwa."

Na buɗe hotonsa. Farar rigar asibiti, da murmushi irin na tallan man goge baki. Na rubuta masa, "Ina laburare."

Bayan kwana biyu: "Ko za mu sha kofi ranar Laraba?"

"Ina laburare."

"Lahadi fa?"

"Laburare."

"Ashe a can kike kwana."

"Eh."

Kada ku ce ƙarya nake masa. A wannan zangon na ɗauki wani darasi da ya tayar da rigima a gidanmu, darasi a kan Yahudawa da littattafan komik, waɗannan labaran da ake bayarwa da zane gida-gida. Ranar da Ima ta gani a jadawalina ta ajiye wuƙar yanka albasa ta ce, "Wato mun kai ki jami'a ki karanta littafin yara." Mahaifina, Abba, ya leƙo daga bayan jaridarsa ya ce ai yaran unguwanninmu ne suka zana da yawa daga cikinsu. Ta yi masa wani kallo, ya koma bayan jarida.

Abin da Ima ba ta so ta ji shi ne, malamarmu, Farfesa Orenstein, za ta ɗauki ɗalibi ɗaya ya yi mata aiki a ɗakin adana tsofaffin takardu lokacin hutun bazara, kuma wanda takardar bincikensa ta fi kyau shi za ta ɗauka. In ban samu ba, an riga an yanka mini wuri a kantin magani na Kawu Hershel, in tsaya bayan kanta ina zuba ƙwayoyi a kwalba, daga nan kuma a tura ni karatun haɗa magunguna, wanda Ima take mafarkinsa tun ina rarrafe.

Shi ya sa kullum ina can ƙasan laburare, a ɗakin da ba a shiga da biro ko ruwan sha. Mis Delgado, mai kula da wurin, sai ta ga ka wanke hannu kafin ta taɓa maka komai. 'Yan ajinmu duk sun rufa a kan jarumai masu tashi sama da mayafi a baya. Ni na rasa abin da zan ce a kansu wanda ba a faɗa ba, sai na nemi a fito mini da wata tsohuwar jaridar Yiddish, harshen kakanninmu, wadda ta daina fitowa tun kafin a haifi Ima. Mis Delgado ta turo ta a keken kaya, ɗaurarriya, girmanta kamar ƙofar ɗaki, tana warin tsohon akwati.

A shafin baya na kowace Juma'a akwai zane mai gida huɗu. Wata yarinya mai gajeren gashi a gaban keken ɗinki, da wani gajeren mutum mai tumbi da laima da dogon gemu. Kullum sai ya shigo da hoton wani saurayi, kullum kuma a gida na huɗu yana fita a guje hularsa na baya. Na yi ta dariya ni kaɗai har Mis Delgado ta ɗaga mini gira.

Matsalar ita ce ban san me suke cewa ba. Haruffan na sani, tunda da su muke karatun addu'a, har na iya haɗa sunayensu: ita Peshke, shi Reb Zundel, mai dalilin aure. Amma harshen ba na ji. Na ɗora wayata a kai ta fassara mini, ta ce, "Akuya ta auri laima ranar Talata."

Na kai wa Farfesa hotunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta cire tabarau ta ce, "Ban san wanda ya taɓa rubutu a kan wannan ba. In kin iya gaya mini abin da yarinyar nan take faɗa, kina da takarda. Ina son tsarin takardarki ranar Litinin."

Na dawo gida ina tsalle, don muna da mai Yiddish a gida. Na samu Bubbe a kujerarta ta bakin taga, da silifas ɗin ulu da bargo a gwiwa, tana cin busasshen inabi.

"Bubbe, za ki karanta mini wani abu?"

Ta karɓi takardun da na buga, ta kalle su, ta miƙo mini. "Idanuna sun gaji, 'yar nan. Likita ya ce ba za su warware ba sai ranar Asabar bayan abincin rana."

"Wane likita?"

"Na haƙori."

Na juya, ga Ima a bakin ƙofa tana goge hannu da tawul, fuskarta kamar ba ta san komai ba. Ashe sun riga sun gayyaci Asher.

"Wannan ai cin amana ne," na ce.

"Abinci ne," in ji Ima. "Za ki ci, zai ci. Ba wanda ya ce a ɗaura aure a kan tebur."

Ranar Asabar da muka dawo daga majami'a na hau sama na zaɓi kaya da gangan: dogon siket baƙi da wata tsohuwar rigar sanyi mai toka-toka da ta huje a gwiwar hannu. Ima ta gan ni a kan bene ta dafe ƙirji.

"Ke, zaman makoki za ki?"

"Sanyi nake ji."

"Koma ki cire, ko in cire miki a gaban baƙo."

Muka daidaita a kan shuɗiyar riga mai ƙananan maɓallai, amma na ƙi saka 'yan kunne, don a san ban miƙa wuya ba.

Asher ya iso da ƙafa daga gidan goggonsa, inda ya kwana, tunda ba ma hawa mota ranar hutu. An yi yayyafi, takalmansa sun jiƙe, ya tsaya a kan tabarmar ƙofa yana ta goge su kamar zai huda ta. Ya fi hotonsa tsawo, ƙaramar hularsa ta saƙa tana maƙale da gashinsa a karkace, kunnuwansa sun yi ja. Murmushin tallan nan babu shi. Ya yi kama da wanda aka kawo a yi masa allura.

Ima ta shimfiɗa farin mayafin tebur da ba a fito da shi sai babban baƙo. Ga burodin kitso guda biyu, ga cholent ɗin da ya kwana a kan wuta, wake da dankali da nama sun narke sun zama abu ɗaya. Abba ya yi addu'a ya yanka burodi.

"Leora ce ta haɗa salak ɗin nan," in ji Ima.

"Tumatir kawai na wanke."

"Amma ka ga yadda ya wanku."

Asher ya ce lallai ya wanku sosai. Abba ya buɗe baki ya nuna masa wani haƙori na can ciki da yake masa tsami in ya sha ruwan sanyi, shi kuma ya leƙa da gaske, da cokali a hannu. Ni dai ina ci ina kallon agogon bango.

Ana kwashe faranti na tashi na ɗauko takarduna na ajiye a gaban Bubbe. "Na cika alkawari. Saura naki."

Ta ciro madubin ƙara girman rubutu daga aljihun rigarta, ta gyara murya. Ba ma rubutu ranar Asabar, don haka na tattara hankalina in haddace duk abin da za ta faɗa. Ta karanta gida na farko da Yiddish, a hankali, sannan ta ɗago.

"Reb Zundel ya ce, Peshke, na kawo miki miji. Ita kuma ta ce, na gode, duk wanda manya suka zaɓa mini shi ne alheri."

Na kalli zanen. "Bubbe, to me ya sa ta ɗaga dutsen guga saitin kansa?"

"Hularsa za ta goge masa. Yarinya ce mai tarbiyya."

Asher ya ƙware da ruwa. Ima ta bubbuga masa baya.

Bubbe ta ci gaba. "A nan kuma ta ce, da ma a ce likita ne. Musamman na haƙori."

"A shekarar 1926?"

"A lokacin ma mutane suna da haƙora."

Na fara jin wani abu ba daidai ba, amma kun san yadda tsofaffi suke in sun dake. Har na soma tunanin ko ni ce ban fahimci zanen ba, ko takardata za ta zama a kan yadda ake koya wa 'yan mata biyayya.  Sai na ga kafaɗun Asher suna rawa. Ya sunkuyar da kai, ya toshe baki da tsumman goge hannu, hawaye na zubo masa.

Da ya samu numfashi ya juya wajen Bubbe ya yi mata magana. Da Yiddish. Doguwar magana, mai santsi, har da ɗaga hannu irin na tsofaffin da ke zama a bencin bayan majami'a.

 Bubbe ta sauke madubinta a hankali ta ƙare masa kallo. Ta jefa masa wata tambaya, ya amsa. Ta sake jefa wata, ya amsa yana dariya. Sai ta juya wajen Ima.

"Kin ce mini ɗan New Jersey ne."

"Ɗan New Jersey ne mana."

"To ba ki ce mini yana jin magana ba."

"Wani ya gaya mini abin da ke faruwa," na ce.

Asher ya jawo takardar gabansa. "Ki yi haƙuri, Bubbe," ya ce, sannan ya ɗora yatsa a gida na biyu. "Ga abin da ta ce: Reb Zundel, wanda ka kawo mini makon jiya haƙori biyu gare shi, kuma ba su taɓa haɗuwa ba." Ya matsa gaba. "A nan ta ce: da ƙafata nake taka keken nan, da hannuna nake karɓar albashina, da idona kuma zan zaɓi nawa. In ka sake shigowa da hoto, gemunka zan goge."

Abba ya fashe da dariya har ya buga tebur. Ni kuwa ji na yi kamar an buɗe mini taga a ƙirji.

"Bubbe, da fa haka zan kai wa Farfesa."

"Ɗan gyara na yi," ta ce, ko kunya babu. "Yarinyar ba ta da ta ido."

Amma ba ta saki takardar ba. Ta mayar da madubin kan fuskar Peshke ta daɗe tana kallo, muryarta ta sauka.

"Mahaifiyata tana yanke waɗannan ta liƙa a bayan ƙofar kicin ɗinmu a unguwar Bronx. Har na girma suna nan, sun yi rawaya. A shagon ɗinkin da take aiki, ran Juma'a in an tashi cin abinci, mace ɗaya ce take karantawa da ƙarfi, sauran suna ci suna shewa. Duk yarinyar da ta mayar wa mai shago magana sai a ce, ga Peshke nan. Mahaifiyata ma haka suke kiranta. Ita ta zaɓi mahaifina da kanta, a taron ƙungiyar ma'aikata. Ta ce ya fi kowa rashin iya jawabi, sai ya ba ta tausayi."

Ima ta zauna a hankali da tulun shayi a hannu. "Ba ki taɓa gaya mini wannan ba."

"Da na gaya miki, da kin yi abin da kika ga dama."

"Ai na yi," in ji Ima, tana kallon Abba.

"Ni dai ba a nemi shawarata ba," in ji Abba.

Jama'a, a wannan lokacin na san na samu takardata. Ba zanen kaɗai ba, har matan da suke karanta shi a shagon ɗinki, da wadda ta liƙa shi a ƙofa, da 'yarta da ke zaune a gabana tana neman busasshen inabi a aljihu. Na ce wa Bubbe gobe da yamma zan ɗauki muryarta ta maimaita mini komai. Ta ce sai in na yarda ta sa jan baki, ko da ba hoto.

Da Asher ya tashi tafiya Ima ta tura ni da gwiwar hannu. "Raka shi zuwa kwana. Unguwar ba tasa ba ce." Mutumin da ya kawo kansa da ƙafarsa.

Yayyafin ya tsaya, titi yana ƙyalli. Muka yi 'yar tafiya.

"A ina ka koyi Yiddish?" na tambaye shi.

"Wajen kakana. Da kakata ta rasu ya dawo gidanmu, aka sa masa gado a ɗakina. Ba ya barci da wuri, ni ma haka, kuma ya ce Turancinsa na kasuwa ne, ba na hira ba. Tun da ya rasu ban samu wanda zan yi da shi ba sai tsofaffin da ke zuwa asibitinmu, su kuma bakinsu a buɗe yake, ba sa iya amsawa."

Na yi dariya, ta gaske, har na riƙe sandar fitilar titi. Ya kalle ni kamar bai zaci ina da ita ba.

"Saura nawa ba a fassara ba?" ya ce.

"Na shekara guda na ɗauko."

"Laburaren naku yana buɗewa gobe?"

"Yana buɗewa, ƙarshen zango ne."

"To zan zo in karanta miki. Ina so in ga ƙarshen gemun nan." Muka kai kwana, ya tsaya ya gyara hularsa, ta ƙara karkacewa. "Kuma ki kwantar da hankalinki, Leora. Na gane saƙonninki tun tuni. Tun jiya na gaya wa mahaifiyata maganar nan ba za ta yiwu ba, yarinya ba ta so. Na zo ne kawai don kada mahaifiyarki ta yi girki a banza. Ba wanda zai sake damun ki."

"Madalla," na ce.

Madalla. Ni da bakina. Ya ɗaga mini hannu ya tafi, na tsaya ina kallon dogon bayansa har ya sha kwana, ina jin kamar na haɗiyi ƙanƙara. Abin da na yi wata guda ina nema ne aka miƙo mini a faranti, ga shi na kasa ko taɓa shi.

Da na dawo, Ima da Bubbe suna zaune a falo sun jera ido. "To?" in ji Ima.

"Yana da kirki," na ce, na haye sama kafin su ga fuskata.

Da rana ta faɗi hutu ya fita, kowa ya kunna wayarsa. Saƙonsa na jira na.

"Mu haɗu da zarar an buɗe laburare, in ba damuwa. Dole in tashi kafin azahar. Mahaifiyata ba ta ɓata lokaci, ta riga ta haɗa ni cin abincin rana da wata. Dafna Wolk. Ta ce wai kun yi makaranta tare."

Dafna Wolk. Mun yi makaranta tare, ƙwarai kuwa. Dafna mai gashi har gadon baya, wadda ba ta taɓa fitowa da riga mai huji ba a rayuwarta, wadda take dariya ko abin da namiji ya faɗa ba abin dariya ba ne. Dafna za ta haɗa salak da kanta, har ta yi masa ado.

Ban tsaya tunani ba. Na buɗe kwamfuta na shiga shafin laburare, na nemi a fito mini da jaridar nan ta 1927. Da ta 1928. Na ci gaba da dannawa har shafin ya ce na kai iyakar abin da ake ba ɗalibi ɗaya. Na san Mis Delgado za ta tsine mini gobe in tana turo keken nan.

Sannan na rubuta masa: "Aikin ya fi yadda na zata yawa. Da wuya mu gama kafin yamma."

Ɗigo uku na alamar yana rubutu suka fito, suka ɓace. Suka sake fitowa.

"Leora, aikin ne ya yi yawa, ko in kira Dafna in ba ta haƙuri?"

Na rubuta "yadda ka gani," na goge. Na rubuta "ba ruwana," na goge. Na ajiye wayar a kan gado na zagaya ɗaki, na dawo na ɗauka da hannu biyu.

"Ka kira ta."

Ya turo mini kalma ɗaya: "To."

Na kifa fuska a matashi ina murmushi kamar wata sakarya. Ban ko gama murmushin ba wayar gida ta yi ƙara a ƙasa. Na ji Ima ta ɗauka, ta saurara, ta ce, "Me?" Sai takun ƙafarta a kan bene, da sauri, da na silifas ɗin Bubbe a baya yana ja.

"Leora, buɗe ƙofar nan. Mahaifiyar Asher ce a waya. Tana so ta san me kika yi wa ɗanta."

Ina rubuta muku wannan ne a zaune a ƙasa, bayana jingine da ƙofar, kuma Bubbe ta fara leƙe ta kafar makulli.